Karfasar Rabi da Tarwaɗar Kaka

Wata ranar Laraba ce, kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare. Na dawo daga makaranta ƙafafuna duk caɓi, yunwa tana cina, sai na tarar da tsakar gidanmu a Ƙaura cike da mata. Gwaggo Asabe, ƙanwar babana da ke aure a wani ƙauye can bayan Gurbin Bore, tana zaune a ƙofar ɗakin Kaka da jinjiri a cinya, ƙafarta ba takalmi. 'Yan bindiga ne suka shiga garinsu, suka gudo. Mijinta bai zo ba, kuma ba wanda ya ambace shi a gabanmu. A bayanta 'yarta Rabi, sa'ata, ta rungume wata shuɗiyar butar roba kamar an ce za a ƙwace mata.

Ni dai Allah bai yi ni da riƙe magana ba, har yau kuwa. Rabi taubashiyata ce, tsakaninmu sai tsiya. Da can in sun zo sallah nakan kira ta baƙauya, ita kuma ta ce mini mai ƙafar zabuwa, mu yi ta yi har a raba mu. Saboda haka na tsaya a kanta na ce, "Baƙauya, tun daga Zurmi kike neman wurin alwala?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Na leƙa butar, sai na ga 'yan ƙananan karfasa, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, suna haki a saman ruwa. Daga baya Gwaggo ta ba da labari: Rabi tana bakin tafki da ƙawayenta suna kamun kifi da yagaggen gidan sauro lokacin da aka fara harbi. Da abin da ke hannunta ta ruga. Da shi ta kwanta a gonar gero, da shi ta hau mashin. Duk abin da ta fito da shi daga garinsu ke nan.

To, a ina za a sa su? Bokiti biyu gare mu, kuma Mama ba za ta bayar da ko ɗaya ba. Sai babbar kwatarniyar Kaka da ke gindin zogale, inda ake tara ruwan indararo don wanki. Amma kwatarniyar tana da mai ita. Tun kafin in yi wayo Kaka take ajiye tarwaɗa a ciki don ta cinye tsutsar sauro, kuma wadda ke ciki a lokacin ƙatuwa ce, baƙa wuluk, mai faffaɗan kai. Gemu muke ce mata. Ni ke ba ta abinci, na san halinta: hanjin kaza, fara, ɗan kwaɗo, duk abin da ya faɗa ruwan nan ya tafi. Na faɗa a gaban kowa cewa kafin la'asar za ta lashe su. Kaka ta harare ni ta ce, "Ke Saude, ruhe muna baki. Tahi bayan ɗaki ki kwaso min tsingaro."

Na kwaso fasassun tukwane ina gunaguni. Kaka ta naɗe hannun riga, ta kifa su a gindin kwatarniyar ɗaya kan ɗaya, ta bar 'yan ƙofofi waɗanda kan Gemu ba zai shiga ba. Ta nutsar da wani tulu mai ƙaramin baki a gefe. Ta sa aka samo kainuwa daga kududdufin bayan unguwa aka baza a sama don inuwa. Sannan ta sa ni na cika wa Gemu ciki da gara har ta daina kula abin da nake jefawa, kafin aka bar Rabi ta tuntsurar da butarta a hankali. "Mai ƙarhi in ya ƙoshi ya kan yi sanyi," in ji Kaka, "amma kak ki yarda da shi. Ki ba ƙaramin wurin ɓuya."

Duk da haka, da safe ɗaya daga cikin karfasan ya ɓace. Rabi ta daɗe tana duba ruwan, ba ta yi kuka ba, ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki ta juya fuska ga bango. Wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Na ce a yanka Gemu a yi miya, kowa ya huta. Kaka ta ce ai ba laifinta ba ne, haka aka halicce ta, mu dai mu ƙara tsingaro mu daina makara da abincinta.

Daga ranar aikin ya zama namu mu biyu. Kafin mu tafi makaranta, don an sa Rabi a ajinmu, sai mun tona gindin garu mun samo gara. In an yanka kaza ni ke tsayawa a kan hanjin kada kuliya ta riga ni. Rabi kuma ta jiƙa dusa ta zuba daidai bakin tulun, nesa da inda Gemu ke kwance. Duk Juma'a mu kwashe rabin ruwan mu ba zogale, mu jawo sabo daga rijiya. Ni ce mai surutu, ina zagin Gemu, ina ba Rabi labarin wanda aka zane a makaranta, ina tsokanarta. Ita daga "i" sai "a'a". In 'yan mata sun fito gaɗa tana tsaye a zaure. Aka yanke gero, aka sussuke, damina ta wuce, sanyi ya zo ya tafi, karfasa suka yi girman tafin hannu, Rabi tana nan yadda ta zo.

Sai wata safiya da bazara ina shara na ji ihu daga gindin zogale, muryar da na kusa mantawa. "Kaka! Saude! Tana cinye ɗiyanta!" Na yar da tsintsiya na ruga. Ashe ɗaya daga cikin karfasan ta yi 'ya'ya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, sun yi dami a bakin tulu. Gemu ta motsa daga ƙasa, uwar kuwa ta buɗe baki tana zuƙe su. Nan take na yanke hukunci, na ce zama da Gemu ne ya koya mata mugunta, a tsame ta. Har na tsoma hannu Kaka ta buge shi. "Ku tsaya ku gani, marasa haƙuri. Ba cin su takai ba, ɓoye su takai." Muka tsuguna. Gemu ta zagaya ta koma ta kwanta. Can sai uwar ta buɗe baki, suka fito ɗuu, suna ta watsal-watsal.

Rabi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali, "Haka Innammu ta yi muna cikin gero. Ta kwanta bisanmu, ta ruhe bakin jinjiri da hannu. Ni na zaci kashe shi takai." Daga nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun zuwanta. Kaka ta jawo ta jikinta. Da yamma ina ɗaura ɗankwali Rabi ta dube ni ta ce har yanzu ƙafata ta zabuwa ce.

Yanzu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, kwatarniyar ta fashe, tankin roba ne a wurin. Rabi tana aure a Shinkafi da 'ya'yanta, garinsu kuwa har yanzu ba wanda ya koma. Kwanaki na shiga wani shagon magani na ga akwatin gilashi da fitila, kifaye ja da ruwan ɗorawa suna yawo. Mai shagon ya ce mini sam ba a haɗa kifi mai faɗa da mai sanyi. Ban yi masa gardama ba, abin da ba halina ba. Shi yana da kuɗin akwati biyu. Mu kwatarniya ɗaya Allah ya ba mu, kuma a cikinta muka rayu.