Tsohuwa Mai Sikeli a Kulgera

A gidan man Kulgera wata tsohuwa tana durƙushe gaban tirelar kwananta, hularta ta koɗe, hannuwanta duk ƙunar rana. Da sikeli take auna nauyin da tirelar ke ɗora wa a-kori-kurarta. Ta matsar da jarkokin ruwa zuwa saitin tayoyi, ta sake aunawa. Ina jin mijinta ne ya koya mata, ya kuma rasu, don kare ne a kujerar gefen direba.

Ita na danna wa hon ɗazu a hanya don jinkirinta, har na ce mata kunkuru.

"Ɗan nan, da ka wuce ni tirelarka sai kaɗa wutsiya take," in ji ta. "Nauyin babur ɗin da ka ɗaure mata a baya ne."

Ta leƙa motata, ta ga 'ya'yana biyu suna barci. Sai ta miƙo mini sikelin.