Kaset ɗin da bai ƙone ba

Yayana ne ya koya mini jin kiɗan Turawan nan masu dogon gashi, wanda jita ke ƙara kamar injin niƙa. Yana jami'a a Samaru, ni kuma na gama sakandare ina zaune gida a Jushi. Mawaƙan da yake so tsofaffi ne, sun fara tun ba a haife shi ba. Da suka fito da sabbin waƙoƙi bayan dogon shiru, wani mai shago a kasuwar Sabon Gari ya kwafa masa a kaset, har da hoton bango mai ƙoƙon kai.

Abokansa suka ce tsofaffin sun gaji. Gaskiya muryar mawaƙin ta dishe, ba ta hawa sama kamar da.

"Ke dai saurari waƙa ta uku," in ji Yaya, ya ɗora mini abin kunne. "Da can ihu suke yi su tsorata mutane. Yanzu su ne suka tsorata."

Na ce ni kaina ke ciwo. Ya ce, "Baƙauyiya kawai."

Wata Asabar muka hau acaɓa ɗaya za mu Samaru kwaso kayansa na hutu. Daidai Palladan tirela ta ƙwace, ta yi kanmu. Ni na faɗa gefen hanya, ko karaya ban yi ba. Shi bai tashi ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Bayan jana'iza 'yan zumuntar matan coci suka zo addu'a. Ƙanwar Baba ta shiga ɗakinsa, ta fito da kasakasan tana riƙe da su da bakin zane.

"Ga ƙofar da mutuwa ta bi ta shigo," ta ce. "A gama addu'a a ƙona su."

Mama ba ta hana ta ba. A kwanakin nan ba ta musu da kowa.

Suna waƙa a tsakar gida na lallaɓa falo, inda aka ajiye kasakasan. Na zare sabon kaset ɗin daga gidansa, na jawo wani daga tulin na kwaya, mawaƙan cocinmu, na musanya su. Duk irinsu ɗaya, na kwafi ne. Ban tsaya karanta rubutun ba. Aka zuba kananzir, aka ƙona.

Tun daga nan, in ƙarar babbar mota ta sa numfashina ya sarƙe, sai in kunna ta ukun. Tana farawa a hankali, jita ɗaya tal, kamar mai tafiya da ciwon ƙafa. Gangunan suna shigowa da nauyi, ba gaggawa. Sai tsohon ya kai wurin da ya kamata ya ɗaga murya, ya kasa, ya bar ta ta tsage haka nan. Ba na gane duk Turancinsa, amma wannan wurin na gane shi. A waƙoƙinsu na samartaka babu irinsa.

Bayan sati biyu Mama ta ce, "Ɗauko mini na Kirsimetin nan da yayanki ya ja waƙa. Muryarsa nake so in ji."

Na duba tulin kaf. Gidan kaset ɗin Kirsimetin ne a ƙarƙashin filona, da tsofaffin a ciki; shi na sa aka ƙona. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Na durƙusa na gaya mata. Na jira mari, bai zo ba. Sai ta ce:

"To saka mini wanda ya rage."

Na ɗora mata abin kunnen a kan ɗankwali. Ta ji ta ukun har ƙarshe, ta cire, ta miƙo mini.

"Wannan mutumin an yi masa rashi," ta ce. "Ɓoye shi kada gwaggonki ta gani."

Ba ta sake neman ji ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ɗayan ba. Amma duk Kirsimeti, in kwaya ta fara waccan waƙar, sai ta tashi ta fita waje, ni kuma in kasa bin ta. Har yau ban hau acaɓa ba. Bas nake jira, da tsofaffin a kunnena.