Zoben Turmi da Motar Baba

A gidanmu na Guéma, nan Parakou, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka Tabawa ta kwashe kaskon ƙarshe na cukun wagashi. Mu jikoki mukan kewaye murhu, ido a kan ɓarɓashi, kunne a wajenta. A bayanmu tsohuwar akori-kurar Baba take kwana, wadda yake jigilar doya da ita zuwa Djougou. Ni Kaka ke kira mijinta marar cefane, kuma ni take fara dunguri idan na yi gyangyaɗi.

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai barci ya yi wa kansa," haka take buɗewa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta turmin gari da ya tsage. Maƙeri ya ƙera zoben ƙarfe da zai ɗaure shi, zobe ya yi kaɗan. Ƙarti suka yi ta dukansa da guduma, ya ƙi shiga. Aka ce a faskara turmin a yi makamashi. Sai wata tsohuwa ta zo ta zauna a kansa.

Nan Kaka takan miƙe wuya, ta buga ludayi a ƙasa. "Ta ce sai dai ku faskara da ni! Turmin da ya ciyar da iyayenku?" Tsohuwar ta jefa zoben a wuta, ya buɗa, ta zura shi ba duka, ta watsa ruwa, ya kama gam. "Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

Na girma na zama bakanike. Bayan rasuwar Baba, motar ta fara kuka daga baya, a pon, inda ƙarfin inji ke rabuwa zuwa ƙafafu biyu. Yaya Sani ya ce rulman finiyo ne ya ci, wato zoben ƙarfen da sandar pon ke juyawa a cikinsa, kuma ya riga ya yi magana da masu yankan ƙarfe.

"Ka bar wahala, Habu. Ta gama aikinta, mon frère."

"Yaya, ka yi haƙuri, amma ba mai sa mata wuta ina raye."

Raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye ba. Na sauke pon ɗin, na zare tsohon rulman da abin ja. Sabon ya ƙi hawa sandar. Maƙwabta suka taru, kowa da shawararsa, har aka miƙo mini guduma. Guduma kuwa ita ke kashe rulma tun kafin ya yi aiki. Na ɗora tsohon kasko a gawayi, na ɗumama sabon rulman cikin man inji, na ɗauko da tsumma, ya zame ya zauna daram. Na ɗaure noti a hankali har sandar ta riƙa juyawa da ɗan nauyi, ba girgiɗi. Na shafa shuni a haƙoran giyar pon, na juya, tabon ya fito a tsakiya, alamar sun haɗu daidai.

Da ina yaro na zaci Kaka dabara take koya mana. Yanzu na gane taurin kai ne: sai ka fara zama a kan turmin, sannan dabarar take zuwa.

Ranar gwaji na ɗauki hanyar Djougou, Yaya a gefena, ya ɗaure fuska. Muka wuce Tourou, ba kuka, ba ƙara. Na taka mai don in ba shi haushi. Sai na ji hannunsa a gwiwata.

"Kai, sassauta mata. Motar Baba ce fa."