Ɗakin da Aka Yi wa Mai Tsani Fenti

Mijin yayata mai fenti ne, amma a layinsu ba wanda ke kiransa haka. Mai Tsani ake ce masa, don da wuya ka gan shi ba tsani a kafaɗa. Tun ina yarinya, lokacin da aka kawo ni gidan in taya Yaya reno, ban taɓa ganin mutumin nan ya zauna ya shanye kofin shayi ba. A tsaye yake sha, idonsa na kan bango, ko na waye. In muka je gaisuwa gidan mutane, ana hira yana shafa katanga da bayan yatsa, muna fitowa ya ce, "Ba su kankare ba." Ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini. 'Yar Rigima yake kirana har yau da na aurar da 'ya.

Aikinsa ba ya karɓar gaggawa. Sai ya kankare tsohon fenti tas, ya toshe ramuka, ya goge da samfefa, ya share ƙura, sannan ya yi shafin farko ya bari ya bushe. Abu na ƙarshe shi ne layin da ya raba bango da silin, wanda yake ja da ƙaramin burushi daga saman tsani, da hannu kawai. Ya yi makarantu, ya yi shaguna, ya yi gidajen masu hali. Gidansa ne kaɗai bai taɓa samun lokacinsa ba. Yaya ta yi mita har bakinta ya gaji, amsar kullum ɗaya ce: "Bari in gama na mutane."

Ƙusa ya taka a wani sabon gini, ga ciwon suga da ya raina. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da hawa. Kafin mu ja shi asibiti da faɗa, ƙafar ta yi nisa. Aka yanke ta hagun, ƙasa da gwiwa.

Yana can kwance babban ɗansu, wanda muke kira Akawu saboda aikin ofis, ya yi wata dabara. Yaron nan zuciyarsa fara ce, ban musa ba. So yake mahaifinsa ya dawo ya tarar da ɗaki fes. Sai ya ɗauko wani mai fenti, aka zuba wa ɗakin shuɗi a yini guda, a kan tsohon fentin da ƙurarsa da komai. Yaya kuma ta sa aka kai tsanin gidan maƙwabci aka ajiye. Da an tambaye ni da na ce kul, amma wa ke neman shawarar 'Yar Rigima?

Ranar da aka sallame shi, Akawu ya turo shi a keken guragu har tsakiyar ɗakin yana murmushi. Mai Tsani ya ɗaga kai ya bi layin saman nan da ido, kusurwa zuwa kusurwa. Layin yana tafiya kamar sawun tsutsa, shuɗin ya ɗiɗɗiga har kan makunnin fitila.

"Wa ya yi?"

"Wani na samo, Baba. An ce ya iya aiki."

"Allah ya yi albarka," ya ce, ya juya fuska. To ina zai juya ta? Ko'ina bangon ne.

Ni na gane abin da ya ji, kuma ya ƙona mini rai. Ba karkacewar layin ce kawai ba. An nuna masa tun kafin ya shigo gida cewa an gama da shi, har ɗakinsa sai an nemo wani.

Daga nan gidan bai ƙara samun sukuni ba. A kwantar da shi ya ce a zaunar da shi, a zaunar da shi ya ce a kai shi bakin ƙofa, kafin ka juya ya ce rana ta dame shi. Yatsun da babu su suna masa ƙaiƙayi, ka ga ya kai hannu yana sosa zanen gado. Wata safiya ya manta, ya miƙe daga barci zai taka kamar kullum, sai ƙararsa muka ji a ƙasa. 'Yan dubiya kuwa kowa ya shigo sai ya yaba fentin, ya kalli dungun, ya ce sai haƙuri. Likita ya ce ƙafar roba sai ciwon ya warke kumburi ya saɓe, a halin yanzu ga sanduna biyu. Mai Tsani ya riƙa bin ɗakin da su, ƙwas, ƙwas, daga taga zuwa ƙofa, har Yaya ta ce sautin yana shigar mata cikin haƙori.

Da farce ya fara. Yana kwance ya sa farce a bango, fentin ya ɓantalo kamar ɓawon ƙwai. Washegari Yaya ta nemi cokali ta rasa. Na leƙa na same shi zaune a ƙasa kan matashi, cokalin a hannu, ya kankare fili mai faɗin tabarma a bango.

"Mai Tsani, ɓera ka koma?"

"Ke dai miƙo mini jakar kayana, 'Yar Rigima, ki rufe baki."

Na miƙa masa. Yaya ta yi ta faɗa cewa ƙura za ta shiga bandejin, sai ya sa aka ɗaure dungun da leda ya ci gaba. Da jan gindi ya zagaye ɗakin yana kankara. Inda hannu bai kai ba ya ɗaura ƙarfen kankare fenti a sandar tsintsiya. Akawu ya dawo daga aiki ya ga shuɗinsa a ƙasa, sai ya tuɓe takalmi ya kama shara. Uban ya nuna masa wani lungu da ya tsallake. Fari mai ɗan ruwan ƙasa ya zaɓa, ya shafa da rola mai dogon hannu yana zaune a kujera. A kwanakin nan ya ci abinci, har ya zage ni da daɗi.

Saura layin sama. Rola ba ta yinsa.

"A kawo mini tsanina."

"Wallahi Malam ba za a kawo ba," in ji Yaya. "Ƙafa ɗaya ta rage mini, ba zan bayar ba."

"Taki ce?"

"Tawa ce mana. Wa ya kwana a benci a asibiti?"

Daga ranar aka daina jin ko ƙwas-ƙwas ɗin. Ya daina ci, ya daina tsokana, sai kallon sama. Na ga idonsa ya fara auna tebur da kujera, na san ranar da gidan ya zama ba kowa zai ɗora ɗaya kan ɗaya. Na ce wa Yaya gara ya gwada muna tsaye. Ban jira amsarta ba, na je gidan maƙwabci na kinkimo tsanin.

Na kafa shi a kusurwa, na rataya gwangwanin fenti a jikinsa. Mai Tsani ya matso, ya soke burushin a aljihu, ya kama tsanin. Ya kalli matakin farko, wanda bai fi tsayin bokiti ba. Kafin ka ɗora ƙafa a kai, sai da wata a ƙasa da za ta riƙe ka. Ya ɗaga dungun, ya sauke. Ya gwada ɗan tsalle, tsanin ya girgiza, gwangwanin fentin ya kusa kifewa. Ya tsaya yana haki, goshinsa jingine da ƙarfen tsanin. Tunda nake ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin ba, kuma na san in na nuna ba zai yafe mini ba.

Yaya ce ta matsa. Mace mai jiki, mai ciwon gwiwa, wadda ko kan kujera ba ta hawa ta ɗauko tukunya. Ta gyara ɗaurin zane, ta zare burushin daga aljihunsa.

"Matsa in wuce. Kai dai ka faɗa mini yadda ake yi."

"Ke? Za ki ɓata mini bango."

"In na ɓata ka kankare, ai ka saba."

Ta hau tana salati a kowane mataki. Yana ƙasa yana ba da umarni da tsohuwar muryarsa ta wurin aiki: kar ta cika burushin, ta kwantar da bakinsa, ta ja a hankali, kar ta yi numfashi sai ta kai ƙarshen hannunta. Ta ja kamar taƙi guda, tsanin ya ɗan motsa.

"Malam, ka riƙe da kyau!"

"Na riƙe. Ja abinki."

Sai a lokacin na duba ƙasa. Sandunan biyu suna yashe a kan siminti, ban ma ji faɗuwarsu ba. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, hannayensa biyu sun damƙe tsanin da matarsa ke kai.