Ledar da Baba Ya Ƙwace

Yau ma tataccen ruwan ɗakin gwajinmu ya ƙare, ga samfurin ruwan rijiyoyin garin Garo jibge gaban na'urar da ke rarrabe gishirin ruwa. Na gaji. Har na ɗauko ruwan leda zan ɗauraye kwalabe, sai na tuna Baba, tsohon da ya koya mini aikin.

Na taɓa yin haka a gabansa. Ya ƙwace ledar, bakinsa jawur da goro.

"Ɗiyata, injin nan bai san gishirin ledarki da na rijiya ba. A rufe wa mutane rijiyarsu saboda ƙiwarki?"

Da na tuna haka, sai na ajiye ledar da ke hannuna. Sakamakon Garo sai gobe.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya shayar da kai ruwan Alkausara.