Launin Ɗakin Kaka

Ranar wata Asabar ce, saura kwana biyar Kaka ta dawo daga aikin hajji, aka dire gwangwanayen fenti biyu a tsakar gidanmu na Moshi Zongo. Shekarata tara, ina tsugune ina wanke kwanonin koko. A unguwarmu ba a tarbar mahajjaci da tsohon bango, kuma Kaka ta bar sallahu cewa a mayar mata da ɗakinta launin da marigayi mijinta, Malam, ya shafa tun suna amarci. Ga shi an daɗe da rufe bangon da shuɗi.

Fentin duka ja-ja ne mai haske, ɗaya kamar cikin gwaiba, ɗaya kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Baba ya kafe a kan gwaiba, ƙaninsa Baffa Isaka ya rantse zoɓo ne. Tun hantsi suke musu, kowa na cewa ai a ɗakin aka haife shi.

Ni kuwa ni nake share ɗakin kullum, kuma a bayan kabad ɗin langa nake ɓoye duwatsun carafkena. Na san akwai wani wuri can, faɗin faifai, da shuɗi bai taɓa kaiwa ba. Da na faɗa, Baffa ya kore ni wajen wanke-wanke, amma Baba ya ce, "Bar ta, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo." Aka ja kabad, sai ga tsohon launin. Baba ya shafa kowane fenti kaɗan a gefensa. Zoɓo ya yi kama sak, har Baffa ya fara taka rawa, Baba ya ce, "Ɗanyen fenti maƙaryaci ne." Kafin la'asar zoɓo ya bushe ya turu, gwaiba kuwa ta saje da tsohon har ba a gane iyaka.

Ranar da Kaka ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango, idonta ya kawo ruwa. "Launin Malam ne. Wa ya tuna?" Baba ya nuna ni a gaban dukan 'yan tarba. Wallahi ranar ƙasa ba ta ɗauke ni ba.

Yanzu a waya ake zaɓar launi, ɗakin ma 'ya'yan yayana ke kwana a ciki, fari fat. Amma duk mai fentin da ya zo, sai na ce masa kada ya taɓa bayan kabad.