Lakar Kududdufin Bayan Gari

Shekarar da masu haƙar ma'adinai suka sauka ƙauyenmu, a kan hanyar Zurmi, a kududdufin bayan gari suke wanke ƙasar da suka haƙo. Wani baƙin yashi mai nauyi kan rage a gindin kwano, su juye shi nan cikin ruwa. Da mata suka yi ƙorafin ruwan ya gurɓace, ni na ce su bari ya kwanta. Abin da muka tashi da shi ke nan: in ruwa ya kwanta, ya tsarkaka. Ya kuwa kwanta, garau.

Da kududdufin ya ƙafe da rani, muka kwashi lakar kamar kowace shekara. Ba mu taɓa samun mai danƙo irinta ba. Da ita na buga tubali, na ta da ɗakuna biyu, na yaɓe rumbu.

Bara wasu ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura mai kama da rediyo. A bakin ruwa da ƙyar ake jin ƙararta. Da wata malama a cikinsu ta kara ta a bangon ɗakina, sai ta shiga ƙyas-ƙyas ba tsayawa. Malamar ta ce yashin nan yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, mai cin jiki a hankali. Ko a teku, in ji ta, irin wannan guba ba ta bin ruwa ta tafi duka. Laka take kamawa ta zauna.

Na ce to bari in rushe.

"A'a, Baba. Ƙurar ta fi bangon illa. Ku dai fitar da yara."

Yarinya guda ce a gidan, jikata marainiya, wadda ke kwana ɗakin kakarta. Ina za mu? Gonar daji ba ta shiguwa saboda ɓarayi, haka ma inda ake saro itacen rumfa. Makwabta kuwa duk da lakar nan suka yi gini.

Ranar kasuwa na sa ta a motar Kaura, ta koma wurin gwaggonta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Angona, saki ne ke nan?" Na ce mata ai yaji ta yi, ina nan zuwa biko. Ba ta yi dariya ba, mota ta ɗaga.

Ni da tsohuwa muna nan. Mun dai janye gado daga jikin bango.